Wutar Kano da Wutar Damagaram a Ɗakin Soso

Abin da na fara gani na Dubai wuta ce. Jirgi ya karkata zai sauka, na leƙa ta taga, sai na ga ƙasa ta kama gaba ɗaya kamar an watsa garwashi, tun daga bakin teku har inda ido ya gaza. Na kusa da ni, wani ɗan kasuwar Kwari da ya saba hanyar, yana laluben takalmansa, ko ɗaga kai bai yi ba. Ni kuwa da na yi shekaru ina koyar da labarin ƙasa a sakandare a Kano, ina zana wa yara wannan gaɓar teku da guntun alli, tambaya ɗaya ce ta zo bakina, kuma ba ta ilimi ba ce. Na ce, "Alhaji, wa ke zuba musu man janareta?"

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, zuwan farko ne ko?"

Zuwan farko ne, kuma aikin koyarwa aka yi mini alkawari. Dillalin da ya shirya mini takardu ya rantse cewa akwai wata makarantar 'ya'yan baƙi a unguwar Deira da ta ƙosa in iso. Washegari na sa rigata ta fita kunya, na zuba takardun shaidata a leda, na bi adireshin cikin lungunan Naif, wata shiyya ta Deira. Shagon jakunkunan mata na tarar. Mai shagon, wani dattijo ɗan Bangaladash, bai tambaye ni komai ba. Ya dubi rigar, ya dubi ledar, ya jawo mini kujera, ya miƙo ruwan sanyi. Daga yadda ya yi abin a natse na gane ba ni ne malamin farko da ya zauna a wannan kujera ba. Wayar dillali kuwa tun ranar ta tafi hutu, har yau ba ta dawo ba.

Wasu Kanawa masu haɗa kaya suka ba ni makwanci. A Naif na koyi cewa ana iya yanka ɗaki ɗaya a ba da hayarsa gado-gado, kamar yadda mahauci ke kasa nama. Gidan mutum katifarsa, katangarsa zanin da ya rataya, maƙwabcinsa na sama kuwa ko juyi ya yi sai ka sani. Amma wuta ba ta ɗaukewa, kuma wannan ya fi komai ruɗa ni. Makonnin farko, da na shigo na ga ƙwan lantarki a kunne sai in yi wuf in sa waya a caji, in jawo dutsen guga in goge har rigar da ba ta yi laifin komai ba, 'yan ɗaki suna ta dariya. Na yi ta jiran ranar da za a ɗauke in ga yadda garin zai yi. Ranar ba ta zo ba. Abin kunya ne babba ya ce ya yi kewar duhu, amma na yi kewar ihun nan da yaran unguwarmu ke yi in an kawo wuta. A nan babu mai ihu, domin babu wanda ya taɓa rasa ta.

Da ƙyar na samu aiki a Al Quoz, unguwar manyan ɗakunan ajiya da garejoji, a wani kamfanin kargo mai aika kaya Afirka. Aikina liƙa takarda a jikin kwali: wannan Kano, wannan Yamai, wannan Kumasi. Karo na farko ke nan da labarin ƙasa ya ciyar da ni ba tare da na daka wa kowa tsawa ba.

A can na haɗu da Isufu, wani dogon mutum mai tuƙa motar ɗaga kaya. Shi ma malami ne, lissafi ya koyar a Damagaram kafin ya taho. Ranar farko ya ji Hausata, ya kashe mota ya sauko.

"Bakano ne? Alhamdu lillahi! Allah ya kawo mini bawana har Dubai."

Na ce, "Ai kai aka aiko ka ɗauke mini kaya. Ga shi har mota aka ba ka don kada ka wahala."

Wanda ya san wasan Bakano da Badamagare ya san daga nan an gama ƙulla zumunci. Ma'aikatan Indiya da na Pakistan suka yi ta mamakin mutum biyu da ke zagin juna tun safe, kuma su ci abinci a kwano ɗaya da rana.

Wata Juma'a bayan masallaci muna shan shayi a bakin wata rumfa, ya yi shirun da ya wuce wanda Badamagare ke iya yi a gaban Bakano. Na tsokane shi, bai rama ba. Nan na san da magana.

Maganar matarsa ce, Mariyama. An ɗaura musu aure ɗakin da yake gina mata bai kai rufi ba, aka ce ta zauna a ɗakin mahaifiyarsa kafin ya rufe. Ya taho Dubai neman kuɗin kwano, damina ta zo ta kwantar da ginin. Daga nan rashin lafiyar tsohuwa, daga nan wata hidimar, shekaru suka yi ta wucewa. Kayan ɗakin Mariyama har yau suna ƙulle a akwati ƙarƙashin gadon surukarta, ko labulenta ba a taɓa warwarewa ba. Da yamma takan zauna ɗinkin hula, ta riƙe tocilar waya da haƙora.

Ya ce, "Yayyenta sun gaji, Malam. Sun ce ko ɗaki, ko takardar saki."

Gwaggonta mai fataucin atamfa za ta zo Naif sayayya da sanyin bana, kuma ta yarda ta taho da ita na ɗan lokaci. Abin da Mariyama ta faɗa masa a waya gajere ne: za ta zo ta ga inda zai ajiye ta, abin da ta gani shi za ta kai wa yayyenta. Shi kuwa abin da ya mallaka a Dubai gadon sama ne a ɗakin ƙarti.

Na ce, "Ka kama otal mana."

"Otal ɗakin kowa ne. Jiya wani ya kwana, gobe wani."

"To tanti. Larabawa ma da sanyi tanti suke kafawa a hamada."

"Tanti ba shi da sakata." Ya zaro wayarsa. "Bon. Duba wannan."

Bidiyon wasu Turawa ne suna gina ɗakin tafi-da-gidanka da soso. Ba soson katifa ba, mai taurin nan da ake jerawa a bangon ɗakin sanyi, wanda allonsa ya kai ƙofa girma amma ana ɗaga shi da hannu ɗaya. Su yanka, su manna, su lulluɓe da yadi da gam, su yi fenti, sai ga ɗaki da ƙofa da taga, a ɗora a bayan mota a tafi daji. Na kalla har ƙarshe, na ce masa na karanta labarin masu gini da ƙasa, da kara, da fata, har da masu gini da ƙanƙara, amma ban taɓa jin wanda ya ajiye matar aure a cikin abin da ake tare firji da shi a kwali ba.

Ya ce, "Kai za ka sa mini kuran." Haka mutanen Nijar ke kiran wutar lantarki. "Ɗakin da za ta danna abu da hannunta haske ya zo. Ba kai ka ce ka koyar da fasaha ba?"

Na koyar, gaskiya ne. Zango ɗaya, lokacin da malamin darasin ya tafi jinya, ina gaban ɗalibai da babi ɗaya tak. Ban ga dalilin tayar da wannan bayani a lokacin ba.

Abin da ya biyo baya har yanzu in na tuna sai in girgiza kai. Shugaban ma'ajiyarmu, wani mutumin Kerala ta Indiya mai tsimin magana, ya ji labarin, ya nuna mana tarin allunan soso da gefensu ya gutsure aka fasa aika su, ya kuma nuna wani lungu a bayan gini, ya juya ya tafi kamar bai ce komai ba. Gul, wani Bafatane ɗan Pakistan, direban a-kori-kura mai gemu ja da lalle, ya zo da igiya ya auna bayan motarsa, ya ce in ɗakin bai wuce haka ba shi zai kai shi hamada, kuma kada wanda ya yi masa maganar mai. Muna tashi aiki sai mu koma lungun. Da wuƙar yanka burodi muka yanka bango. Ɓurɓushin soso ya bi gashinmu da gemunmu da shayinmu, har a sahun salla sai ka ga na kusa da kai yana cire maka shi daga kafaɗa.

Abu ɗaya muka yi musu a kai tun farko. Isufu ya dage sai an binne wani siririn katako a cikin soson, saman ƙofa daga ciki. Na ce nauyi ne kawai, babu abin da zai riƙe a wurin. Ya ce a sa. Na nemi dalili, ya ce Bakano ba ya gane abin da ba na sayarwa ba. Aka sa.

Kayan wuta kuwa a waya muka saye su, kuma nan ne Dubai ta sake ƙure mini tunani. Ni ɗan garin da ba a sayen allura sai an gaisa, an tambayi iyali, an taya, an yi kamar za a tafi an dawo. A nan sai ka danna hoto da yatsa, babu sallama, babu albarka. Washegari wani a kan babur ya kira ka, "Location, boss?" Lungun da muke ko suna ba shi da shi, amma ɗigon da ke cikin wayarsa ya kawo shi har gaban ƙafata. Haka fitilu suka zo, farare, zagayayyu, kowace kamar murfin gwangwanin madara. Haka nadin waya ja da baƙa ya zo, da fis, da makunni. Na riƙa karɓar kwalin da hannu biyu kamar saƙon gida.

Batir ne ya tuna mana cewa kasuwa kasuwa ce ko a sama take. A hoto ya kai bulo. Wanda ya zo bai fi sabulun wanki ba, da alama na motar wasan yara ne. Isufu ya ɗora shi a tafin hannu ya ce, "Wannan mai shagon Bakano ne, wallahi." Muka mayar, aka ce a jira wani.

Jiran ne ba mu da shi. Yadi da gam da fenti suna son kwanaki kafin su bushe warinsu ya fita, kuma dole waya ta shiga bango kafin a lulluɓe. Muka ɗauki ƙarfen soda mai zafi muna jan layi a jikin soson, yana narkewa yana buɗe hanya kamar ta gara. Ganin yadda yake zubewa a gaban ɗan zafi kaɗan ya tuna mini cewa mace za ta kwana a nan. Na ce sai waya mai kauri, sai fis a bakin batir, kuma kowane haɗi sai an naɗe shi da kyau. Karo na farko da na faɗi magana Isufu ya ce "dakor", wato ya yarda, bai ƙara komai ba.

Saura kuwa musu ne. Malamai biyu a kan waya ɗaya, kowa ya saba shi ke riƙe da alli. Ina fitila za ta zauna, ta ina waya za ta bi, wa ya riƙe almakashi. Ran nan Gul yana zaune a kan taya yana kallonmu, ya gaji, ya miƙe ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya ware hannuwa.

"Khalas, habibi! Kai dama, kai hagu. Yalla."

Aka raba. Gefen dama ya zama Kano, na hagu Damagaram. Kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya ya haɗa fitilunsa, babu mai leƙen wani, kamar a ɗakin jarrabawa. Muka dasa su a rufin da gam mai ƙarfi, wayoyin gefe biyu suka haɗu a cikin rufin suka sauko hanya ɗaya zuwa inda batir zai zauna. Gul ya tafi kai kaya wata masarautar da motarsa, balle mu ari batirinsa mu gwada, mu kuma kowa ya tabbata da aikinsa. Muka shimfiɗa akoko, muka shafe da gam, muka bi da fenti fari. Da ya bushe na ƙwanƙwasa, sai ya amsa kamar ƙwarya. Na zagaya shi ina taɓawa. Abin da aka zubar a bayan gini ya zama ɗaki mai ƙofa da sakata da taga biyu. Na daɗe ina kallon dogayen benayen garin nan ina mamaki, amma ban ga aka gina su ba. Wannan a gabana ya tashi.

Batir na gaskiya ya iso a makon da Mariyama za ta sauka. Da la'asar muka shiga, muka ja ƙofa, muka toshe tagogi da kwali, muka tsuguna gwiwa na gugar gwiwa. Isufu ya yi bisimilla ya danna makunni.

Gefen hagu ya kama, fari tas, har ina ganin zaren akoko ta cikin fenti. Gefen dama shiru.

Ya dubi sama, ya dube ni. Ya ce a hankali, "Malam, an ɗauke a Kano."

Sai dariya ta ƙwace masa, ya riƙe ciki, ɗakin gaba ɗaya yana rawa. "Har a Dubai! Har cikin soso kun biyo mu da halinku!"

Na ce, "Ku da kuke sayen wutar a wurinmu? Matsa in gani."

Na duba fis, lafiya. Na duba makunni, lafiya. Don in cire shakka na juya wayoyin a kan batir, ja ta koma wurin baƙa. Dama ta kama. Hagu ta mutu.

Na ce, "An kawo a Kano. A gai da mutanen Damagaram."

Sai da muka ɗauko fitila ɗaya da ta rage a kwali muka gane. Irin waɗannan fitilu ta hanya ɗaya kawai suke karɓar wuta, in ka juya musu sai su yi kamar ba su san ka ba. Kowace ta zo da jela biyu, baƙa da fara. Ni na haɗa baƙa da baƙa, yadda Turawan Ingila suka bar mana a littafi: ja mai kawo wuta, baƙa mai mayarwa. Shi kuwa a makarantar Faransa an koya masa shuɗiya ce kaɗai mai mayarwa, baƙa kuran take ɗauka, don haka ya haɗa baƙar jelar fitila da jar waya. Fitilun ashe don motocin Amurka aka ƙera su, inda baƙa ce mai kawowa. Sa'a ta faɗa gefensa, ba tare da shi ko ni mun san da wata Amurka a cikin maganar ba. Na ce masa ba wannan ne karo na farko da Ingila da Faransa suka ja layi tsakanin Kano da Damagaram ba tare da sun tambaye mu ba.

Bai yi dariya ba. Ya riga ni ganin inda maganar ta nufa. Haɗe-haɗen suna ƙarƙashin fitilu, fitilu suna cikin gam, gam yana ƙarƙashin akoko da fenti. Gyara sai an farke rufin, ƙarfin ɗakin kuwa duk a fatar nan yake, kuma faci ba zai bushe kafin ta iso ba.

Na ce, "Gefe ɗaya ma ya isa haska ɗakin nan. Bar naka a kunne."

Ya girgiza kai. "Za ta ɗaga ido ta ga fitilu a mace. Ta ce halinsa ne, ya fara ya bari rabi. Wancan babu rufi, wannan babu rabin wuta." Ya shafa bangon da tafin hannu. "Abin da za ta kai wa yayyenta ke nan."

Da yamma na hau jirgin ƙasa zuwa Deira. Jirgin nan ba shi da direba, kuma tun zuwana ban daina tsayawa a gaba, inda direba ya kamata ya zauna, ina kallon dogo yana shigewa ƙarƙashina ba. Ranar tunani ya ɗauke ni, na wuce Al Rigga inda zan sauka, ban farga ba sai a tashar ƙarshe. Na sauka na tsaya ina jiran in ga yadda zai juya. Bai juya ba. Wutsiyarsa ce ta zama kai, ya kama hanyar da ya fito. Na bi shi da kallo, sai na tuna hannuna a kan batir ɗazu. Babu fitilar da ta lalace a ɗakin nan. Hanyar wuta kawai ake juyawa.

A tsaye a wurin na laluba kasuwar nan ta cikin waya, na samu makunni mai zama uku, irin wanda ke juya wuta gaba da baya. Da hantsi mai babur ya kawo shi. Na dasa shi a bakin ƙofa. Sama, Damagaram. Ƙasa, Kano. Tsakiya, kowa ya huta.

Isufu ya gwada ya ce, "Har yanzu rabi ne."

"Zaɓi ne. Babu wadda ta mutu, kowace tana jiran layinta. Duk otal ɗin garin nan ka nuna mini mai irin wannan."

"Bakano," in ji shi, "ko kuskure sai kun sa masa farashi." Amma na ga kafaɗunsa sun ɗan sauko.

Ranar Juma'a da la'asar sakaliya muka ɗauko Mariyama daga masaukin gwaggonta a Naif. 'Yar ƙaramar mace ce mai kaifin ido, ba ta da yawan magana, da wata jaka da ta hana kowa riƙe mata. Mu uku muka ɗaga ɗakin muka ɗora a motar Gul kamar ana ɗaga tabarma. Muka fita ta hanyar Al Qudra. Benaye suka riƙa gajarta a bayanmu har suka ƙare, sai titi, sai rairayi. Gul ya rage iskar tayoyi ya sauka daga kwalta.

Na sha zana tudun rairayi a allo, da kibiya mai nuna inda iska ke fitowa, na ba yara maki a kansa. Ban taɓa tsayawa a gabansa ba. Rana ta sunkuya, kowane tudu gefe ɗaya ja gefe ɗaya inuwa, bakinsa a miƙe kamar an yanka da reza, haka har ƙarshen duniya. Can nesa wasu mariri, fararen dabbobin nan masu dogon ƙaho, suka ɗago suka dube mu suka ci gaba da abin da suke yi. Na ce, "Subhanallah." Isufu ya ce, "Rairayi ne, Malam. A bayan gidanmu akwai shi."

Muka sauke ɗakin a gindin wani tudu. Mariyama ta zagaya shi. Ta ƙwanƙwasa bango, ta danna da babban yatsa. Ta buɗe ƙofa, ta zura sakata ta zare, ta sake zurawa. Sannan ta cire takalmi ta shiga. Isufu ya tsaya a waje, hannuwa a baya, kamar ɗalibin da ake duba takardarsa a gabansa. Ya fara bayanin makunni, Hausa ta gudu ta bar shi, ya koma Faransanci, shi ma ya gudu.

Ta danna sama. Ta danna ƙasa. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo.

"Wa ya yi wannan gefen?"

"Malam."

"Wancan fa?"

"Ni."

"Shi ya sa ba su jituwa." Ta sake dannawa. "Duka biyu ba sa kamawa tare?"

Na buɗe baki zan kawo maganar zaɓi, Isufu ya riga ni. Ya ce, "A'a. Ba sa kamawa. Mun rufe kafin mu gwada."

Ta bar yatsanta a kan makunnin. Iska kawai ake ji tana shafar tudu. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "A ɗakin Inna fitila ɗaya ce. Ba ni ke kunnawa ba, ba ni ke kashewa ba." Ta juyo. "Akwai ƙusa?"

Malanta ta motsa mini, na fara bayanin cewa soso ba ya riƙe ƙusa. Ban kai ƙarshen jimla ba na ga Isufu ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙusoshi biyu. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake yawo da su. Ya karɓi sifana a hannun Gul, ya sunkuya ya shiga, ya laluba saman ƙofa, ya buga. Ƙusa ta samu katako ta zauna daram.

Mariyama ta buɗe jakar nan. Labule ne, shuɗi mai furanni, layin ninkinsa ya yi fari don daɗewa, ƙanshin kafur ya cika wurin. Ta warware shi, ta miƙa masa gefe ɗaya ta riƙe ɗaya. Da ya ratayu ta gyara bakinsa da hannu, ta ce daga bayansa, "Gobe ka kira mini Yaya Babba. Ni zan gaya masa ya daina jiran takarda."

Gul ya ja hannun rigata. Muka matsa da motar can kan wani tudu, muka yi magariba a kan rairayi, ya kunna ɗan risho ya ɗora shayi. Daga inda muke, gefe ɗaya sararin sama ya yi ja da hasken Dubai, wutar nan da na gani ta tagar jirgi, wadda ba ta taɓa ƙiftawa ba. A ɗaya gefen ga ɗan farin akwati a gindin tudu. Tagar hagu ta haska. Ta mutu, ta dama ta haska. Hagu. Dama. Wani yana wasa da makunni, kuma na san ba Isufu ba ne. Sai duka suka mutu, wurin ya yi duhu, na ji na riƙe numfashi yadda muke yi a gida.

Tagar dama ta kama, ta tsaya.

Ban san lokacin da ihun ya fito daga bakina ba, irin na yaran unguwarmu sak, har ya dawo mini daga jikin tudu. Gul ya zabura, shayi ya zube masa a wando.

"Malam! Lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. An kawo wuta a Kano."